Gordon Allport (1897–1967): Rayuwarsa da Gwagwarmayarsa kan Hanyoyin Binciken Halin Ɗan'adam

GABATARWA

Ɗalibin da ya rubuta tarihin rayuwar wani dattijo daga bakinsa, ko ya tattara kalmomi daga ƙamus, ko ya nazarci damin tsofaffin wasiƙu, yakan gamu da tambaya guda in ya kai aikinsa gaban malamai, watau shin abin da ya tara hujja ce ta ilmi, ko kuwa labari ne kurum? Wannan tambaya ta daɗe, kuma ba a fagen harshe da adabi kaɗai ake yin ta ba. A ilmin halayyar ɗan'adam an shafe shekaru masu yawa ana jayayya a kanta, kuma cikin malaman da suka tsaya tsayin daka a kan batun akwai Gordon Willard Allport na Jami'ar Harbad ta Amurka. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi rayuwar wannan malami, a ga abin da ya kai shi ga ra'ayinsa, da irin ayyukan da ya yi don tabbatar da shi, da kuma inda aikin nasa ya yi rauni.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a fayyace abubuwa biyu. Na farko, manazarta sukan bambanta hanyar ƙididdiga, wadda ake auna mutane da yawa da ma'auni ɗaya a fitar da sakamako da alƙaluma, da hanyar siffantawa, wadda ake bin maganganun mutum da rubuce-rubucensa daki-daki don a gane ma'anarsu. Na biyu, akwai sababbin bayanai, waɗanda mai bincike yakan samo da kansa ta gwaji ko tambaya, akwai kuma ajiyayyun bayanai, waɗanda ya taras wasu sun riga sun rubuta don wata bukata tasu daban, kamar wasiƙu da ƙamus da jaridu. Allport ya yi suna ne wajen kāre hanyar siffantawa da amfani da ajiyayyun bayanai, a zamanin da akasarin abokan aikinsa suke yi musu kallon raini.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

An haifi Allport ran 11 ga watan Nuwamba 1897 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Montezuma a Jihar Indiyana. Shi ne auta cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa, John Edwards Allport, likita ne, mahaifiyarsa kuwa, Nellie, ta taɓa aikin koyarwa, kuma mace ce mai riƙo da addininta na Kirista. Tun yana ƙarami iyalin suka ƙaura zuwa Jihar Ohayo, suka zauna a unguwar Glenville ta birnin Kilibland, inda ya yi makarantar firamare da sakandare.

Gidan da ya tashi a ciki rabinsa asibiti ne, domin mahaifinsa yakan kwantar da marasa lafiya a cikinsa, yara kuma su ne masu wanke kwalaben magani da yi wa majiyyata hidima. Ke nan tun kafin ya san akwai wani ilmi da ake kira halayyar ɗan'adam, ya saba da ganin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin ciwonsa da irin yadda yake ɗaukar ciwon. Yaro ne mai son kalmomi fiye da wasannin motsa jiki. Ya yi editan jaridar makarantarsu, har ma ya kafa wata 'yar sana'ar ɗab'i tasa. A 1915 ya gama sakandare, ya sami tallafin karatu zuwa Harbad, inda wansa Floyd, wanda shi ma daga baya ya shahara a wannan fanni, ya riga shi zuwa.

KARATUNSA DA HAƊUWARSA DA FREUD

A Harbad ya karanci falsafa da tattalin arziki, ya kuma ɗauki darussan halayyar ɗan'adam a wurin malamai irin su Hugo Münsterberg da Herbert Langfeld. A lokacin hutunsa yakan yi aikin sa kai a birnin Boston, yana kula da wata ƙungiyar yara, yana kuma taimakon ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje. Ya sami digirinsa na farko a 1919, sa'an nan ya tafi Istambul ya yi shekara guda yana koyar da Ingilishi da ilmin zaman jama'a a Kwalejin Robert.

A kan hanyarsa ta komawa gida a 1920 ya ratsa ta Biyana, ya nemi ganin Sigmund Freud, wanda a lokacin sunansa ya game Turai da Amurka. Freud ya karɓe shi, ya zauna ya yi shiru yana jiran ya ji abin da ya kawo shi. Da saurayin ya rasa abin faɗa, sai ya ba da labarin wani yaro da ya gani a cikin taragon da ya hawo, wanda yake ƙyamar datti ƙwarai, yana ta yi wa uwarsa ƙorafin kujera da mutumin da ke kusa da shi. Da ya gama, sai Freud ya dube shi ya tambaye shi ko shi ne wannan yaron. Allport ya yi ta maimaita wannan labari har ƙarshen rayuwarsa, kuma darasin da ya ɗauka daga ciki shi ne cewa mai tonon abin da ke ɓoye a zuciya yana iya yin zurfi har ya wuce abin da ke fili. A ganinsa, kafin a shiga neman ɓoyayyar manufa, a fara sauraron abin da mutum ya faɗa game da kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasu manazarta tarihinsa suna ganin tambayar Freud ba ta kauce ƙwarai ba, tun da Allport mutum ne mai tsananin tsabta da tsari. Ko ma yaya ne, daga wannan zama ya fita da ra'ayin da ya riƙe har ya mutu.

Ya koma Harbad ya yi digirin dakta, ya kammala a 1922, a kan ɗabi'un mutum da yadda za a auna su. Wannan batu baƙo ne a wancan zamani. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Laifzig a 1879, masu wannan ilmi suka ɗauka cewa martabarsu tana ga kwaikwayon masu kimiyyar zahiri, watau a auna gani da ji da saurin motsin hannu, ko a saka ɓera cikin akwati a ga yadda yake koyo. Gab da kammala digirinsa, Allport ya gabatar da aikinsa a taron masu gwaje-gwaje a Jami'ar Clark, a gaban Edward Titchener, babban malamin wannan hanya. Da ya gama bayani babu wanda ya ce uffan, daga baya kuma Titchener ya tambayi malaminsa dalilin da ya sa aka bar shi ya yi aiki a kan irin wannan batu.

ZAMANSA A JAMUS DA KOMAWARSA GIDA

Daga 1922 zuwa 1924 ya sami tallafin ƙarin ilmi a Turai. Shekarar farko ya yi ta a Balin da Hambug, ta biyu kuma a Kembirij ta Ingila. A Jamus ne ya taras da malaman da suke tunani irin wanda yake nema, musamman William Stern da Eduard Spranger, waɗanda suke koyar da cewa mutum abu ne guda dunƙulalle, kuma in aka rarraba shi gunduwa-gunduwa don a auna, to abin da ake nema ya riga ya salwanta. Daga falsafar Jamusawa kuma ya ɗauko rabon da Wilhelm Windelband ya yi wa ilmi gida biyu a 1894: ilmin da ke neman doka ta bai ɗaya wadda ta hau kan kowa, da ilmin da ke neman fahimtar abu guda tilo yadda yake. Allport bai ce a watsar da na farko ba. Abin da ya dage a kai shi ne, ilmin da ya san halin mutane dubu a jimlace amma ya kasa bayyana halin mutum ɗaya daga cikinsu bai cika ba.

A 1924 ya fara koyarwa a Harbad, inda ya buɗe darasi a kan halin mutum, wanda ake ƙirgawa cikin na farko irinsa a jami'o'in Amurka. A 1925 ya auri Ada Lufkin Gould, wadda ita ma ta karanci wannan fanni, suka haifi ɗa guda, Robert, wanda ya zama likitan yara. Ya yi shekara huɗu a Kwalejin Dartmouth daga 1926, sa'an nan ya dawo Harbad a 1930, bai sake barin ta ba. A 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan halin mutum, wanda ya kafa wannan batu a matsayin reshe mai zaman kansa, a 1939 kuma aka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka.

ƘAMUS A MATSAYIN MA'ADANAR HALAYE

Aikinsa na farko da ya kamata ɗalibin harshe ya sani shi ne wanda ya yi da Henry Odbert, aka buga a 1936. Tunanin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙi ne. Duk wani hali da ya dami al'umma, ko don amfaninsa ko don cutarwarsa, ba za ta rasa ba shi suna ba. In haka ne, ƙamus ya zama rumbun da aka tara abin da dubban mutane suka lura da shi game da junansu cikin ɗaruruwan shekaru. Francis Galton ya taɓa ambata wannan ra'ayi a Ingila a 1884, Franziska Baumgarten kuma ta gwada shi da Jamusanci a 1933, amma babu wanda ya bi shi da irin naci na waɗannan mutum biyu.

Sun ɗauki babban ƙamus na Webster, suka bi shi shafi-shafi, suna fitar da kowace kalma da za a iya bambanta halin wani mutum daga na wani da ita. Suka sami kalmomi 17,953. Sa'an nan suka kasa su gida huɗu: kalmomin da ke nuna ɗabi'a tabbatacciya, da masu nuna yanayi mai wucewa kamar fushi ko murna, da masu ɗauke da yabo ko zargi na jama'a, da kuma tarkacen da suka shafi siffar jiki da baiwa da makamantansu. Gida na farko, wanda shi ne ya fi muhimmanci a wurinsu, ya ƙunshi kalmomi 4,504.

Wannan aiki cikakken misali ne na amfani da ajiyayyun bayanai. Masu ƙamus ba don masana hali suka yi aikinsu ba, saboda haka babu zargin cewa mai bincike ya karkatar da hujja tun daga tushe. Amma fa hukuncin wace kalma za ta shiga wane gida na mutum ne, kuma marubutan sun bayyana cewa waɗanda suka sa su gwada rabon ba su dace da juna a kan kowace kalma ba. Haka kuma ƙamus na harshe ɗaya ne, yana ɗauke da abin da masu wannan harshe suka damu da shi.

Abin mamaki shi ne inda jerin ya ƙare. Raymond Cattell ya ɗauke shi a shekarun 1940, ya tace shi, ya yi amfani da dabarun lissafi har ya fitar da ginshiƙan hali 16. Waɗanda suka biyo bayansa, irin su Tupes da Christal a 1961, da Warren Norman a 1963, da Lewis Goldberg daga baya, suka mai da su biyar, waɗanda a yau ake auna mutane da su a ƙasashe da yawa. Watau jerin da Allport ya tara, wanda yake nuna yawan launukan halin ɗan'adam, shi ya zama harsashin ma'aunin bai ɗaya, irin wanda shi kansa yake ganin bai isa ya bayyana mutum guda ba.

TAKARDUN RAYUWA

Da Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933, Allport yana cikin waɗanda suka taimaki malaman da suka gudo wajen samun aiki a Amurka. A 1939, shi da masanin tarihi Sidney Fay da masanin zaman jama'a Edward Hartshorne suka shirya gasar rubutu, da kyautar dala 1,000, suka nemi waɗanda suka zauna a Jamus su rubuto yadda rayuwarsu take kafin ran 30 ga Janairu 1933 da kuma bayanta. Aka sami rubuce-rubuce fiye da 200, akasarinsu daga Yahudawa da 'yan adawa da suka tsere. A 1941, Allport da Jerome Bruner da E. M. Jandorf suka buga nazarin 90 daga ciki. Sun gano cewa mutane da yawa sun daɗe ba su yarda haɗarin ya kai inda ya kai ba, suka manne wa aikinsu da al'adunsu na kullum, suna jinkirta hijira har abin ya zo musu wuya. Sun kuma lura cewa duk da asarar dukiya da matsayi, ainihin halin mutum bai cika sauyawa ba, abin da Bahaushe zai ce hali zanen dutse. Irin wannan sani ba a samun sa a ɗakin gwaje-gwaje, domin babu mai bincike da zai jefa mutane cikin bala'i don ya auna su.

A daidai wannan lokaci ana wata muhawara a Amurka game da littafin William Thomas da Florian Znaniecki a kan manoman Folan da suka yi ƙaura, wanda ya fito tsakanin 1918 da 1920, aka gina shi a kan wasiƙun iyalai da tarihin rayuwa. A 1939 Herbert Blumer ya yi masa sharhi, ya nuna cewa babu tabbataccen ma'aunin da za a gane ko fassarar da aka yi wa wasiƙun daidai ce. Sai Majalisar Binciken Ilmin Zaman Jama'a ta Amurka ta nemi Allport ya duba matsalar ta fuskar fanninsa. Sakamakon shi ne littafinsa na 1942 a kan amfani da takardun rayuwa, watau duk wani rubutu ko magana da mutum ya bayyana kansa a ciki: tarihin kai, da kundin abubuwan yau da kullum, da wasiƙu, da hirar da aka rubuta kalma-kalma, har da ayyukan adabi.

Abin da ya ba littafin daraja shi ne marubucin bai ɓoye aibin kayan da yake tallatawa ba. Ya fara da tambayar me ya sa mutum ya yi rubutun, ya lissafa dalilai da dama. Wani don ya wanke kansa yake yi, wani don nuna isa, wani don ya sauke nauyin da ke zuciyarsa, wani don kuɗi, wani don an umarce shi, wani kuwa don kada a manta da shi bayan ransa. Kowane dalili yana da irin karkatar da yake jawowa, kuma wajibi ne mai nazari ya san da wanne yake aiki. Sa'an nan ya jero sūkar da ake yi: masu rubuta rayuwarsu ba su wakiltar sauran jama'a, mutum yakan yaudari mai karatu, yakan kuma yaudari kansa, mantuwa takan gyara abin da ya wuce, daɗin salo yakan rinjayi mai nazari, kuma fassarar takarda ɗaya tana iya zama biyu ko uku.

Amsarsa ita ce a bi takardun da ƙa'ida. A gwada sashen rubutu da wani sashe a ga ko sun saɓa. A nemi shaidar waje, kamar rubutun wani mutum ko takardun hukuma. A ba mutane da dama su karanta kowa shi kaɗai, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. A kuma jarraba fassarar ta hanyar hasashen abin da marubucin zai yi a gaba. Ya ƙara da cewa yawancin waɗannan aibobi suna nan a hanyar ƙididdiga ma, domin wanda zai yi ƙarya a wasiƙa zai iya yin ta a takardar tambayoyi, sai dai alƙaluma sukan rufe ta.

WASIƘUN JENNY

Inda ya gwada wannan ra'ayi sosai shi ne a wasiƙun wata tsohuwa da ya saka wa sunan aro Jenny. Wasiƙu 301 ne ta rubuta wa wasu matasa miji da mata, waɗanda aka kira Glenn da Isabel, daga 1926 har zuwa mutuwarta a 1937. An haife ta a Ayalan, ta tashi a Kanada, mijinta ya mutu kafin ta haifi ɗanta tilo, wanda aka kira Ross. Ta yi wahala ta ba shi ilmi, amma da ya girma sai zamansu ya ƙi daɗi, musamman a kan matan da yake hulɗa da su. Ross ya mutu 'yan shekaru bayan fara wasiƙun, ita kuwa ta ƙarasa rayuwarta a gidan tsofaffi, tana rigima da kusan kowa. An fara buga wasiƙun a 1946 a mujallar da Allport yake wa edita, ya yi shekaru yana koyarwa da su, sa'an nan ya fitar da su littafi a 1965 mai suna Letters from Jenny.

An bi wasiƙun ta hanyoyi uku. Allport ya ba mutum 36 suka karanta, kowa ya rubuta ɗabi'un da ya gani. Suka kawo sunayen hali 198, waɗanda da aka haɗa masu kama da juna suka koma rukuni 8, cikinsu akwai zargi da neman rigima, da son kai, da dogaro da kai, da son fasaha da kyawun halitta, da zafin so. Tun a 1942 ɗalibinsa Alfred Baldwin ya ƙirga batutuwan da sukan zo tare a cikin wasiƙun, alal misali sau nawa maganar kuɗi take haɗuwa da maganar Ross ko ta rashin lafiya. A shekarun 1960 kuma Jeffrey Paige ya sa kwamfuta ta tantance kalmominta, sakamakon ya yi kusa ƙwarai da na masu karatu. Allport ya ɗauki wannan a matsayin shaida cewa fahimtar mai karatu mai hankali abin dogaro ce. A ƙarshen littafin ya gwada bayyana Jenny da ra'ayoyi daban-daban, har da na Freud da Jung da Adler, ya nuna abin da kowanne ya haska da abin da ya bari a duhu.

Sai dai akwai abin da bai gaya wa masu karatu ba. Bayan rasuwarsa, David Winter ya nuna a 1993 cewa Glenn da Isabel ba wasu ba ne illa Allport da matarsa Ada, Ross kuwa abokin ɗakinsa ne a jami'a. Ana iya cewa ya ɓoye ne don ya rufa wa matacciya da danginta asiri, kuma wannan uzuri ne mai ƙarfi. Amma ta fuskar hanyar bincike, abin yana da nauyi. Wasiƙa takan ɗauki siffar wanda aka rubuta wa, domin abin da Jenny za ta faɗa wa abokin ɗanta, wanda take neman ya goyi bayanta, dabam yake da abin da za ta faɗa wa wani. Mai karatun da bai san cewa mai nazarin shi ne mai karɓar wasiƙun ba, an hana shi abin da zai auna fassarar da shi. Ga shi kuma muryar Ross ba ta cikin littafin sai ta bakin uwarsa. Malamin da ya koyar da cewa a tambayi dalilin kowane rubutu, shi ne ya bar wannan tambaya a rufe a aikinsa mafi shahara.

SAURAN AYYUKANSA DA RASUWARSA

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga aikin tattara jita-jitar da ke yawo a Boston, a 1947 kuma shi da Leo Postman suka fitar da littafi a kanta. Sun nuna cewa jita-jita takan yaɗu gwargwadon muhimmancin batu da rashin tabbataccen labari a kansa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma in tana tafiya daga baki zuwa baki takan gajarce, a kambama wani sashe, a daidaita ta da abin da mai faɗa ya riga ya yarda da shi. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa sashen nazarin hulɗar jama'a a Harbad tare da Talcott Parsons da Clyde Kluckhohn da Henry Murray. A 1954 ya buga littafinsa a kan ƙyamar jinsi da ƙabila, inda ya bayyana cewa cuɗanya takan rage ƙyama in an haɗu a matsayi ɗaya, da manufa ɗaya, da goyon bayan hukuma. A 1956 ya yi zama a Jami'ar Natal ta Afirka ta Kudu, ya ga mulkin wariyar launin fata da idonsa. Cikin ɗalibansa akwai Jerome Bruner da Thomas Pettigrew da Stanley Milgram. Ya rasu ran 9 ga Oktoba 1967 sanadiyyar ciwon dajin huhu, saura wata guda ya cika shekara 70.

KAMMALAWA

Allport bai ga nasarar ra'ayinsa a rayuwarsa ba. Hanyar ƙididdiga ce ta ci gaba da rinjaye, kuma masu sūkarsa sun yi gaskiya da suka ce ya fi yawan kira ga nazarin mutum guda fiye da yin sa. Sai daga shekarun 1980 aka dawo ga tarihin rayuwa da nazarin zance da ƙarfi, har a 2014 ƙungiyar da ya taɓa shugabanta ta fara buga mujalla ta musamman don binciken siffantawa.

Ga manazarcin Hausa, kayan aikin da Allport ya yi wa faɗa su ne namu na kullum. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, takardar rayuwa ce irin wadda ya bayyana. Laccar A. H. M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki, da aka buga a 1974, ta nemi halin da Bahaushe yake yabo ne ta cikin kalmominsa, kamar gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci, ƙamus na Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen halaye masu jiran mai tattarawa. Wanda zai yi aiki da waɗannan, tambayoyin da Allport ya tsara suna kansa: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, don me aka rubuta, wa ya fassara, kuma wace shaida ce daga waje take tabbatarwa. Labarin wasiƙun Jenny ya ƙara guda, watau mai binciken ya bayyana wa masu karatu dangantakarsa da wanda yake nazari.